Surkin Ingilishi Wajen Bayyana Rashin Yarda: Misalai Daga Arewacin Zamfara

7.0 Gabatarwa

A darussan da suka gabata an yi bayanin yadda Hausa ta ari kalmomi daga Larabci da Ingilishi da sauran harsunan da ta yi cuɗanya da su. A wannan darasi za a taƙaita ne a kan fage guda ɗaya, wato yadda Bahaushen yau yake bayyana rashin yardarsa da wani mutum, tare da duba abin da Ingilishi ya shigo da shi cikin wannan fage. An ɗauko misalan ne daga Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, a arewacin Jihar Zamfara, domin a waɗannan wurare kalmar zargi ba abar wasa ba ce. Takan raba mutum da mutuncinsa, wani lokaci ma da ransa. Abin da darasin yake son tabbatarwa shi ne, Hausa ta karkasa rashin yarda zuwa matakai daban-daban, amma kalmar Ingilishi guda ɗaya da ake sakawa a maimakonsu takan cure matakan wuri ɗaya, har mai sauraro ya kasa gane iyakar abin da ake nufi.

7.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bambance aro da surki;
ii. fayyace ginin jimlar da aka surka aikatau na Ingilishi a cikinta;
iii. jero matakan rashin yarda a Hausa tare da misalai;
iv. bayyana asali da ma'anar kalmar “infoma”;
v. tsara darasin da zai koya wa yara auna kalamansu na zargi.

7.2 Aro da Surki

Aro shi ne harshe ya ɗauko kalma daga wani harshe, ya daidaita ta da tsarin sautinsa da ƙirar kalmominsa, har ta zama wanda bai san harshen asalin ba ma yana amfani da ita. Alal misali, kalmomin “shakka” da “tuhuma” da “amana” da “munafuki” duk daga Larabci suka fito, amma a yau babu Bahaushen da yake jin su baƙi a bakinsa. Ke nan a wannan fage na rashin yarda ma Hausa ta daɗe tana aro, kuma aro ba aibi ba ne ga harshe mai rai.

Surki kuwa shi ne mai magana ya cusa kalma ko yankin jimla na wani harshe cikin zancensa ba tare da ya sauya mata kama ba. Wanda ya san harsunan biyu, ko da sama-sama ne, shi yake yin surki. Idan surkin na Hausa da Ingilishi ne, akan kira shi Ingausa. A wannan darasi za a ga misalin kowanne: “suspecting” da “trusting” surki ne, “infoma” kuwa aro ce.

7.3 Yadda Ingilishi Ya Shiga Yankin

Jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau. Da jirgin ne da cinikin gyaɗa da auduga kalmomi irin su tasha da tikiti da lebura da sito da kanti suka bazu a yankin. Daga baya shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983, da ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, suka ƙara yawan 'yan boko da ma'aikata masu jin Ingilishi. Waɗannan kalmomi na farko na kayan aiki ne da sana'o'i da mulki. Ba su taɓa abin da ke cikin zuciya ba.

Wani sabon yanayi ya shigo tun wajen 2011, lokacin da satar shanu ta fara rikiɗewa zuwa fashin daji da garkuwa da mutane. Ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Jami'an tsaro suka yawaita, sanarwar 'yan sanda da ta gwamnati, wadda da Ingilishi ake fara rubuta ta, ta zama abin sauraron kullum. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako, ciki har da babbar kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Daga cikin dalilan da hukumomi suka bayar akwai raba ɓarayin daji da masu kai musu rahoto daga cikin gari. A irin wannan hali maƙwabci ya fara ɗari-ɗari da maƙwabcinsa, kuma kalmomin zargi na Ingilishi suka sami kasuwa.

7.4 Ginin Jimlar Surki

A dubi waɗannan jimloli da akan ji a bakin ɗalibai da ma'aikata:

1. Ni fa ina suspecting ɗin yaron nan.
2. Gaskiya ban yi trusting ɗinsa ba.
3. Malam, maganar nan ina doubting ɗinta.

Abubuwa uku ne ya kamata ɗalibi ya lura da su. Na farko, aikatau na Ingilishi ba ya shiga jimlar Hausa a matsayin aikatau. Yakan zo ne da ɗafa-ƙeyarsa ta “-ing”, Hausa kuma ta ɗauke shi tamkar suna. Na biyu, a lokaci mai ci yakan biyo bayan “ina” kai tsaye kamar a jimla ta 1 da ta 3, amma a shuɗaɗɗen lokaci sai an jingina shi da aikatau “yi” kamar a jimla ta 2. Na uku, da yake kalmar ta ƙare da baƙi, ba ta ɗaukar mahaɗin “-n” kai tsaye, sai ta hanyar “ɗin”, kamar yadda ake cewa “bas ɗinmu” ko “kwas ɗinsa”. Idan aka jera “ina zarginsa” da “ina suspecting ɗinsa” za a ga ƙashin bayan jimlolin ɗaya ne. Hatta karin harshe ba ya ɓacewa, domin mai Zamfarci da ke cewa “zarginai” ko “zarginshi”, idan ya yi surki yakan rufe da “ɗinshi”. Saboda haka surki bai rushe nahawun Hausa ba. Ɓarnarsa tana wajen ma'ana, kamar yadda za a gani a gaba.

Me ya sa mai magana yake barin kalmar Hausa ya ɗauko ta Ingilishi? Ana iya kawo dalilai huɗu. Akwai kunya, domin ce wa mutum “ban yarda da kai ba” magana ce mai nauyi a al'adar Bahaushe, baƙuwar kalma kuwa ba ta yi wa mai furta ta nauyi a baki. Akwai sakaya zance, don kada tsoho ko yaron da ke wurin ya gane. Akwai burga, wato nuna an yi boko. Sannan akwai tasirin harshen hukuma, domin kalmar da aka saba ji daga bakin jami'in tsaro takan sa maganar mutum ta yi kama da ta wanda ya yi bincike, ko da bai yi ba.

7.5 Matakan Rashin Yarda a Hausa

A cikin littafinsa “Mutumin Kirkii” na 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa amana cikin halayen da Bahaushe yake auna nagartar mutum da su. Al'ummar da ta ɗauki amana da wannan muhimmanci dole ta tanadi kalmomi masu yawa na bayyana raunin yarda. Ana iya jera su kamar haka, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi:

a. Kokwanto da shakka da tantama. Waɗannan sun fi shafar labari ko al'amari. Wanda ya ce, “Ina kokwanton labarin nan,” bai ɗora wa kowa laifi ba.

b. Ɗari-ɗari. Wannan yanayin zuciyar mai magana ne. Da shi ake cewa, “Hankalina bai kwanta da shi ba,” ko “Ban saki jiki da shi ba.” Mai maganar yana bayyana halin da yake ciki ne, ba tare da ya ce wancan ya aikata komai ba.

c. Zato. Wannan hasashe ne wanda babu hujja a tare da shi, yana iya zama mai kyau ko mummuna. Shi ya sa ake kyautata zato, ake kuma munana shi.

d. Rashin yarda ko rashin amincewa. A nan mai magana ya yanke shawarar ba zai damƙa wa wancan dukiyarsa ko asirinsa ba. Hukunci ne a kan hali, ba a kan wani laifi takamaimai ba.

e. Zargi. A nan an ambaci mutum, an kuma jingina masa wani aiki. Da zarar an ce, “Ina zargin wane,” tambayar da ke biyowa ita ce, “Da me?”

f. Tuhuma. Wannan shi ne a fuskanci mutum da zargin a gaban iyaye ko mai unguwa ko alƙali, a nemi ya kare kansa. Kafofin watsa labarai sukan musanya zargi da tuhuma, amma ya kamata malami ya riƙe bambancin.

Idan kuma zargin ya tabbata ƙarya ne, Hausa tana da sunansa: ƙage ko ƙazafi ko sharri. Wato harshen ya tanadi kalmar da za ta koma kan mai zargin idan ya kasa kawo hujja.

To, aikatau “suspect” a Ingilishi ya haɗe aƙalla uku daga cikin waɗannan matakai. A jimlar “I suspect it will rain” zato ne. A jimlar “I suspect his motives” rashin yarda ne. A jimlar “I suspect him of theft” zargi ne. Bature yana bambance su ta hanyar abin da ya biyo bayan aikatau ɗin. Mai surki kuwa yakan yanke wannan ɓangare, ya tsaya a “ina suspecting ɗinsa”, ya bar mai sauraro ya cike gurbin da kansa. A garin da ake zaman ɗar-ɗar, mai sauraro da mafi munin ma'ana yake cikewa.

Marubucin wannan darasi ya taɓa cin karo da haka a wata ƙaramar sakandare a yankin, lokacin da ya je duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Akwai wani yaro a ajin wanda iyayensa suka yi gudun hijira daga ƙauye, ba ya yawan magana, kuma yakan yi fashin zuwa makaranta. Ɗalibin malamin ya ce wa abokin aikinsa a bakin ƙofar aji, “Yaron can ina suspecting ɗinsa.” Yara sun ji. Kafin a tashi, sunan yaron ya koma “ɗan infoma”, kuma sai da shugaban makarantar ya taka har masaukin iyayensa kafin ya dawo aji. Da aka tambayi ɗalibin malamin abin da yake nufi, sai ya ce, “Wallahi Malam, ni dai shirun nasa ne ya dame ni, ina zaton akwai abin da ke damunsa a gida.” Da ya faɗi wannan jimla tun farko, da tausayi za ta jawo wa yaron.

7.6 Kalmar “Infoma”

Ingilishi yana da kalmomi biyu masu kama da juna, “informer” da “informant”. Jaridun Nijeriya sun fi rubuta ta biyun, amma siffar kalmar Hausa ta nuna daga ta farkon aka aro ta. Dalili kuwa shi ne, Hausa takan mayar da ƙarshen “-er” da “-or” na sunayen masu sana'a zuwa wasalin “-a”, kamar a direba da lauya da kafinta da birkila da tela da manaja. Jam'inta ma ya bi sahunsu: direbobi, lauyoyi, teloli, infomomi. A bakin mai Zamfarci, wanda yake cewa “tahi” da “hita” a maimakon “tafi” da “fita”, tana iya fitowa “inhoma”. Duk waɗannan alamu ne na kalmar da ta zauna, wadda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma ta san ta.

Abin lura shi ne yadda ma'anarta ta juya. A Ingilishi “informer” shi ne mai kai wa hukuma rahoton masu laifi. A arewacin Zamfara kuwa infoma shi ne ɗan gari mai kai wa ɓarayin daji rahoton mutanen gari: wa ya sayar da shanu, wa ya karɓi kuɗi, yaushe jami'an tsaro suka bar gari. Hausa tana da kalmomi makusanta, irin su ɗan leƙen asiri da ɗan rahoto da annamimi da algungumi da maci amana, amma babu wadda ta yi daidai da wannan sabon aiki, shi ya sa baƙuwar kalmar ta sami gurbi. Karin maganar da ta fi kusa da ita ita ce, “Da ɗan gari akan ci gari.”

Nauyin kalmar ya ƙaru a watan Yunin 2022, lokacin da Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga wanda aka samu da laifin fashin daji ko satar shanu ko garkuwa da mutane ko kai wa ɓarayi rahoto. Baya ga hukuncin kotu, an sha samun rahoton mutanen da jama'a ko 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannu a kansu saboda wannan suna kawai. Ta fuskar ma'ana, hatsarin kalmar shi ne ta tsallake dukkan matakan da aka jero a sama. “Wanda ake zargi” yankin jimla ne da ke nuna akwai mai zargin, kuma maganar ba ta ƙare ba. “Infoma” kuwa suna ne, kamar direba ko tela, mai nuna abin da mutum ya riga ya zama. Alhali kuwa ƙaramin sashe na 5 na sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa.

Akwai gargaɗi na musamman ga ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu. A littattafan dabarun bincike na Ingilishi, “informant” shi ne mutumin da mai bincike ya yi hira da shi ya samo bayani a kan harshe ko al'ada. Ɗalibin da ya je Zurmi ko Shinkafi neman tatsuniyoyi ko kalmomin Zamfarci kada ya kuskura ya kira dattijon da ya taimake shi da wannan kalma, ko a baki ko a rubuce. Ya ce “wanda aka yi hira da shi” ko “mai ba da bayani”.

7.7 Azancin Magana da Fassara

Kowane harshe yana da hanyar nuna akwai abin da bai gamsu da shi ba cikin hikima. Bature yakan ce “I smell a rat”. Idan ɗalibi ya fassara ta da “Ina jin warin ɓera”, Bahaushe zai tashi neman mushe ne a bayan tukunya. Abin da ya yi daidai da ita shi ne “Akwai lauje cikin naɗi”, ko “Da walakin goro a miya”, ko “Ruwa ba ya tsami banza”. Idan alamu sun fara nuna inda gaskiya take, akan ce “Biri ya yi kama da mutum”. A lura cewa waɗannan karin magana duk a kan al'amari suke nuni, babu wadda ta kama sunan mutum. Haka kuma Hausawa sun kafa wa zargi linzami da cewa “Zato zunubi ko da ya zama gaskiya”, maganar da ke da tushe a gargaɗin aya ta 12 ta Suratul Hujurat game da yawan zato.

7.8 Aikin Malami a Aji

Tsawatar wa yara don sun yi surki ba ta hana su yi, domin a gida da kasuwa da waya suke jin sa. Abin da ya fi amfani shi ne malami ya bi waɗannan hanyoyi:

i. Ya rubuta jimlar surki a allo, ya nemi yara su mayar da ita Hausa ta hanyoyi uku ko huɗu, sannan su tattauna bambancin nauyinsu.
ii. Ya zana matakan rashin yarda kamar tsani, ya ba da gajerun labarai, yara su faɗi matakin da ya dace da kowanne.
iii. Ya saba musu da tambayoyi uku a duk lokacin da wani ya zargi wani: Da me? Ka gani ko ka ji? Wa ya gaya maka?
iv. Ya ɗauki misalansa daga ɓatan alƙalami ko cinikin kasuwa, ya guji ambaton wani gida ko ƙauye ko ƙabila, musamman a ajin da ya haɗa 'ya'yan Hausawa da na Fulani da na 'yan gudun hijira.
v. Ya hana kiran yaro da “infoma” ko da da wasa ne, ya kuma bayyana dalilin hanin.
vi. Ya fara da kansa, ya kiyaye abin da yake furtawa a kan ɗalibansa a ofishin malamai da bakin aji.

7.9 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa surkin aikatau na Ingilishi yana bin ƙa'idojin ginin jimlar Hausa, amma yana haɗe kokwanto da ɗari-ɗari da zato da zargi cikin kalma ɗaya. An kuma ga yadda Hausa ta ari “infoma”, ta daidaita ta da tsarinta, ta juya ma'anarta, har ta zama sunan da ke iya jawo wa mutum halaka. Malamin Hausa ba jami'in tsaro ba ne, kuma ba a ce babu masu cin amanar jama'a ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya yaye yaran da suka san bambancin “hankalina bai kwanta da shi ba” da “ina zarginsa”, waɗanda kuma ba za su furta ta biyun ba sai sun shirya amsa tambayar “Da me?”

Tambayoyin Bita

1. Bambance aro da surki, tare da misalai biyu-biyu daga wannan darasi.
2. Fayyace aikin “yi” da “ɗin” a jimlar “Ban yi trusting ɗinsa ba”.
3. Mayar da jimlar “Ina suspecting ɗinta” zuwa Hausa ta hanyoyi huɗu, ka bayyana yanayin da ya dace da kowace.
4. Kawo hujjoji biyu da ke nuna “infoma” ta zama kalmar Hausa, ka kuma bayyana sauyin ma'anar da ta samu.
5. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan bambancin zato da zargi da tuhuma.